Tarihin Ƙaramin Tauraron Teku a Tankin Murjani

Tauraron teku halitta ce ta ruwan gishiri mai hannuwa da suka bazu daga tsakiyar jiki, galibi guda biyar. Ba kifi ba ne, ba shi da ƙwaƙwalwa, kuma ruwan teku ne ke zagayawa a cikin bututun jikinsa yana motsa ƙananan ƙafafun da ke jere a ƙarƙashin hannuwansa. Masana sun san kusan nau'i 1,900. Wanda ake magana a kansa a nan yana cikin ƙananansu: shi ne wanda mai kiwon murjani a tankin gilashi kan wayi gari ya tarar manne da gilashi, alhali bai saye shi ba, ba kuma wanda ya ba shi.

Kiwon halittun teku a cikin gilashi ya samo asali ne a ƙarni na 19. A 1832 wata Bafaranshiya mazauniyar Messina a tsibirin Sisili, Jeanne Villepreux-Power, ta haɗa akwatunan gilashi don nazarin halittun teku da ransu. A 1846 Anna Thynne ta kai murjani Landan daga gaɓar Torquay, ta riƙe shi da rai kusan shekara uku, ana juya masa ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan don iska ta shige shi. A 1853 aka buɗe gidan kifi na jama'a a gidan namun daji na Landan, kuma a 1854 Philip Henry Gosse ya fitar da littafinsa a kan wannan kiwo, ya kuma bayyana yadda ake yin ruwan teku ta hanyar narkar da gishiri iri-iri a ruwan daɗi. Wannan dabarar ce ta ba garuruwan da ke nesa da teku, irin su Abuja, damar shiga harkar.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, masu tankin ruwan gishiri ba su cika samun irin wannan baƙo ba, domin busasshen ƙashin murjani suke sakawa, su wanke shi fes. Al'amarin ya juya ne a 1961, lokacin da Lee Chin Eng na Jakarta a Indunusiya ya bayyana hanyarsa ta ɗauko dutse daga teku da duk abin da ke jikinsa. Masu kiwo a Berlin ta Jamus suka inganta ta a shekarun 1970 da 1980, har aka iya raya murjani mai ƙashi a ɗaki. Wannan dutse, da ake kira dutse mai rai, duk ramuka ne, kuma ƙananan halittun da ke cikinsa ke tace dattin ruwa. Amma ramukan nan maɓoya ce: tsutsotsi, ƙananan ƙaguwa da 'ya'yan tauraron teku duk ta nan suka riƙa tsallaka nahiyoyi. Amurka ta hana haƙar dutsen a tekun Fulorida a shekarun 1990, yau kuma masu kiwo da yawa busasshen dutse suke amfani da shi. Duk da haka tauraron bai daina zuwa ba, yana biyo gindin 'yan rassan murjanin da masu kiwo ke musaya.

Masu kiwo sun saba kiransa Asterina, sunan da masanin Italiya Nardo ya raɗa wa wani rukuni a 1834. Amma a 2004 O'Loughlin da Waters suka sake tantance dangin, suka ware sabon rukuni mai suna Aquilonastra, kuma yawancin waɗanda ake gani a tanki nan suka faɗa. Gane shi ba wuya. Bai fi farcen ɗan yatsa faɗi ba, launinsa fari-fari ne ko toka-toka, wani da ɗigon ruwan ƙasa. Hannuwansa gajeru ne, sukan kai shida ko bakwai, kuma ba su daidaita ba: uku dogaye, sauran 'yan tsiro. Wannan rashin daidaito ba ciwo ba ne. Ta rabuwa yake hayayyafa, jikin ya tsage biyu, kowane ɓari ya fitar da hannuwan da ya rasa. Shi ya sa guda ɗaya ya isa ya cika tanki. Idan aka dube shi ta cikin gilashi, za a ga ya fito da tumbinsa ta baki ya shimfiɗa shi a kan gansakuka, ya narkar da ita a waje kafin ya shanye. Wanda kuwa aka ga siraran hannuwansa na leƙowa daga rami da dare suna lanƙwasa kamar wutsiya, wannan wani dangi ne daban, Ophiuroidea, mai cin ragowar abinci, kuma amfaninsa ya fi yawa.

An daɗe ana gardama a kan ɓarnarsa. Yawancinsu gansakuka da dattin gilashi suke ci, amma an sha ganin wasu a kan murjani mai laushi, ana ta jayayya ko su suka raunata shi ko kuwa ruɓaɓɓen wuri suka tarar. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a haska tocila da dare a ga inda yake kwana. Wanda aka kama a kan lafiyayyen murjani a cire shi da matsefata, ba tare da an gutsura shi ba, don gutsuren na iya zama sabo. Yawansa alama ce ta abinci ya yi yawa a tankin. Wasu kan sayo wani jatan lande mai zane, Hymenocera picta, wanda ba ya cin komai sai tauraron teku. Wannan ba dabara ce mai kyau ba, domin da zarar ya cinye su yunwa ce za ta kashe shi.

Kula da shi kula da ruwa ce. Jikinsa ba ya iya daidaita gishirin cikinsa, saboda haka canjin ruwa farat ɗaya na iya narkar da shi. Ana riƙe gishiri a giram 35 cikin kowace lita, zafi kuma tsakanin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Selshiyos. Maganin kifi mai jan ƙarfe guba ne a gare shi. A Abuja, inda Tafkin Jabi da madatsar Usuma duk ruwan daɗi ne, wahalar ta fi ta gaɓar teku. Zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 35, don haka sai da na'urar sanyaya ruwa. Hunturu kuma na busar da ruwa ya bar gishirin, sai an riƙa cikawa da tataccen ruwan daɗi kullum. Ɗaukewar wuta kuwa na tsayar da famfon da ke ba ruwan iska, shi ya sa janareta ko sola ke zama dole.

Akwai kuma doka a kan murjani da dutsen da tauraron ke biyowa. Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka shiga yarjejeniyar CITES ta fataucin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗarin ɓacewa, wadda ta fara aiki a 1975, kuma murjani mai ƙashi da dutsensa suna cikin jerinta na biyu, wato ba a fatauci da su tsakanin ƙasashe sai da takardar izini. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da ke Abuja ce ke riƙe da wannan aiki, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 kuma ke tabbatar da bin dokar.