Marurun da Ke Ɓoye a Jijiyar Zuciya

An daɗe ana kwatanta jijiyoyin da ke ciyar da zuciya da bututun ruwa: maiƙo ya yi ta taruwa, hanya ta tsuke, wata rana ta toshe. Kwatancin na da sauƙin ganewa, sai dai bai amsa wata tambaya ba. Me ya sa wanda jijiyarsa ba ta tsuke sosai ba zai yanke jiki ya faɗi, alhali wani mai mugun tsukewa ya shekara goma yana zuwa kasuwa?

Amsar tana cikin bangon jijiyar. Idan kolestarol nau'in LDL ya kutsa ƙarƙashin siririyar fatar da ke lulluɓe da cikinta, garkuwar jiki sai ta ɗauke shi baƙo. Fararen ƙwayoyin jini su rugo, su yi ta haɗiyar maiƙon har su mutu a wurin. Abin da ya taru ya fi kama da maruru: ciki ruɓaɓɓe, sama ɗan murfi. Sinadaran da ƙwayoyin ke fitarwa suna cin murfin a hankali. Ranar da ya fashe, jini ya daskare a kansa nan take, tsokar zuciya ta rasa iska ta soma mutuwa. Wannan aikin garkuwar jiki a bangon jijiya shi ake kira kumburi, ba irin wanda ido ke gani a ƙafa ba.

Tun ƙarni na 19 likitan Jamus Rudolf Virchow ya yi wannan hasashe, amma bayan Nikolai Anichkov na Rasha ya ciyar da zomaye kolestarol a 1913 jijiyoyinsu suka lalace, hankali ya koma kan maiƙo. Sai a 1997 Paul Ridker na birnin Boston ya nuna cewa maza masu lafiya da sinadarin CRP, alamar kumburi, ya fi yawa a jininsu sun ninka waɗanda ya fi ƙaranci a jininsu kusan sau uku a haɗarin bugun zuciya.

Alama dai ba dalili ba ce, kuma masu shakka suna da gaskiyarsu. Gwajin CANTOS na 2017 ne ya raba gardama. An sa mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya, aka yi wa wasu allurar canakinumab, wadda ke danne kumburi ba tare da taɓa kolestarol ba. Haɗarin ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari, ko da yake mutuwa daga kamuwa da ƙwayoyin cuta ta ɗan ƙaru. A 2019 gwajin COLCOT na Kanada ya samu ragin kashi 23 da colchicine, tsohon maganin ciwon gaɓɓai mai arha, kuma a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don zuciya.

Duk da haka ba a yi sallama da kolestarol ba. Shi ne ke kunna wutar, taba da hawan jini da ciwon sukari na rura ta. Kuma ba kowane maganin kumburi ke taimako ba. Methotrexate ya gaza a gwaji, wani babban bincike na 2024 bai ga amfanin colchicine ba bayan bugun zuciya. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saya a kemis kamar goro saboda ciwon baya: yawan shansu ƙara haɗarin yake yi, musamman ga wanda zuciyarsa ta riga ta taɓu.