Kamfanin da ya roƙi gwamnati ta sa masa doka

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda ba su samu damar saurare ba.

Yau tarihin wayar tarho a Amurka za mu taɓa. Dalili kuwa, duk inda ka juya yanzu magana ɗaya kake ji: a sa wa manyan kamfanonin fasaha doka, a ɗora musu haraji, a rage musu ƙarfi. Ni ma ina son a rage musu ƙarfin. Amma duk sanda na ji an ce ga sabuwar doka nan tafe, sai na tambayi kaina, bayan shekara ashirin wa zai ci moriyarta? Labarin kamfanin AT&T ne ya sa nake yin wannan tambaya.

A 1876 Alexander Graham Bell ya samu takardar haƙƙin mallakar wayar tarho. Ma'ana, ba wanda ke da ikon ƙera ta ko yin kasuwancinta sai da izinin kamfaninsa. Kamfanin Bell, wanda daga baya AT&T ya zama uwa a gare shi, ya mayar da hankali kan manyan birane da masu kuɗi. Manomi a ƙauye ko labari. To, a 1893 da 1894 sai wa'adin manyan takardun nan ya ƙare, ƙofa ta buɗe. Cikin 'yan shekaru dubban ƙananan kamfanoni suka ɓullo. Wasu ma ba kamfanoni ba ne, manoma ne kawai suka haɗa kuɗi, har akwai waɗanda suka yi amfani da wayar shingen gona wajen haɗa gida da gida. Farashi ya sauka. Zuwa 1907 kusan rabin wayoyin ƙasar suna hannun waɗannan ƙanana ne.

Ba wai babu matsala ba fa. Layukan ba sa haɗuwa da juna, don Bell ya ƙi yarda a jona da nasa. Ɗan kasuwa a gari ɗaya sai ya ajiye waya biyu a kan tebur, ɗaya ta wannan kamfani, ɗaya ta wancan. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ita aka riƙa kafa hujja da ita daga baya.

A wannan shekara ta 1907 wani mutum mai suna Theodore Vail ya karɓi shugabancin AT&T. Vail ba wawa ba ne. Ya ga cewa gasa na cinye ribarsu, kuma ya san gwamnati ta fara tsangwamar masu babakere. Me ya yi? Maimakon ya yi faɗa da gwamnati, sai ya rungume ta. Ya fito fili yana cewa harkar waya ba ta dace da gasa ba, kamata ya yi a ce tsari ɗaya ne a ƙasa baki ɗaya, kuma su a shirye suke hukuma ta sa musu ido, ta ƙayyade musu farashi. Ku lura da kyau, babban kamfani ne da kansa yake cewa a zo a ɗaure shi. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza.

A 1913, da ma'aikatar shari'a ta matsa, sai aka yi sulhu. AT&T ya yarda zai saki kamfanin telegiram na Western Union da ya mallaka, zai bar ƙananan kamfanoni su jona da layinsa na kiran nesa, kuma ba zai ƙara sayen abokan gasa ba sai da amincewar hukuma. A takarda kamar an karya shi. Amma a 1918, lokacin yaƙin duniya na farko, gwamnati ta karɓe harkar waya dungurungum ta danƙa wa ma'aikatar gidan waya na tsawon shekara guda, kuma a hannunta ne kuɗin waya ya ƙaru. A 1921 majalisa ta yi dokar da ta ba kamfanonin waya damar haɗewa ba tare da dokar hana babakere ta hau kansu ba. Daga nan sai saye ya ci gaba, da hatimin hukuma. A 1934 aka kafa hukumar sadarwa ta tarayya, wato FCC. Kafin ka ce kwabo, gasar nan ta dubban kamfanoni ta zama tarihi. Ƙananan da suka rage kowa an yanka masa yankinsa, ba mai shiga gonar wani.

Yanzu ku ji yadda rayuwa ta kasance a ƙarƙashin wannan tsari. Wayar da ke ɗakinka ba taka ba ce, haya kake biya duk wata, kuma reshen AT&T mai suna Western Electric ne ke ƙera ta. Haramun ne ka jona wani abu a jikinta wanda ba nasu ba. Akwai wani ƙaramin kamfani da ke sayar da wani abu mai kama da kofi, sunansa Hush-A-Phone. Ba lantarki a jikinsa, kawai kifa shi ake yi a bakin waya don kada na kusa da kai ya ji abin da kake faɗa. AT&T ya ce wannan barazana ce ga ingancin layi. Hukumar FCC ta yi shekaru tana nazari, sannan ta goyi bayan AT&T. A kan kofi fa! Sai da kotu ta rushe wannan hukunci a 1956.

Bayan shekara goma sha biyu, a 1968, wani mutumin jihar Texas mai suna Thomas Carter ya yi nasara a irin wannan shari'a. Shi na'ura ya ƙera da ke haɗa rediyon oba-oba da layin waya, wadda masu aiki a rijiyoyin mai ke buƙata. Wannan karon FCC ta ce kowa na iya jona na'urarsa muddin ba za ta lalata layi ba. Wannan hukunci ne ya buɗe kasuwar na'urar faks, da na'urar ɗaukar saƙon murya, da modem, wato abin da mutane suka fara shiga intanet da shi daga gidajensu. A 1974 gwamnati ta maka AT&T a kotu, aka daidaita a 1982, kuma ranar 1 ga Janairun 1984 aka raba shi, aka fitar da kamfanonin yanki guda bakwai. Kuɗin kiran nesa ya faɗi.

Wani zai ce, to ai ka ga gwamnati ce ta gyara. Haka ne, kuma ban hana ta yabonta ba. Haka kuma ba zan ɓoye cewa a zamanin babakeren ne waya ta kai kusan kowane gida a Amurka ba, kuma ɗakin binciken kamfanin, Bell Labs, shi ya ƙirƙiro tiransisto a 1947. Amma ku duba abin da gwamnatin ta gyara ɗin. Katangar da aka gina da hannunta ce ta dawo tana rushewa, bayan shekara kusan saba'in. Matsalar waya biyu a tebur ana iya maganinta da umarni ɗaya, a tilasta wa kowa ya jona da kowa, a bar gasa ta ci gaba. Sai aka zaɓi a ba mutum ɗaya gonar gaba ɗaya, a ɗauki mai gadi ya tsare masa.

Sai batun haraji. A 1898 Amurka ta yi yaƙi da Sifaniya, aka sa haraji a kan kiran waya don a samu kuɗin yaƙi. A lokacin masu hali ne kawai ke da waya. Yaƙin watanni kaɗan ya yi. An soke harajin a 1902, ya dawo lokacin yaƙin duniya na farko, aka sake soke shi, ya sake dawowa a 1932, kuma daga nan bai bar kiran nesa ba sai a 2006, bayan kotuna sun yi ta kayar da gwamnati a kansa. Kuma ba daga aljihun kamfani yake fita ba, a takardar biyan kuɗin mai waya ake rubuta shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu a nan ba sai an ba mu labari ba. Kafin 2001, lokacin da NITEL ke riƙe da komai, layukan waya a Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan ɗari. Da aka yi gwanjon lasisin GSM a wannan shekara aka bar kamfanoni su yi gasa, kowa ya ga abin da ya biyo baya. Yau mai shayi da mai faci kowa da wayarsa.

Abin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne, a 2019 mai kamfanin Facebook, Mark Zuckerberg, ya rubuta a jarida yana kira ga gwamnatoci su kawo sababbin dokokin intanet. A 2023 shugaban OpenAI, Sam Altman, ya zauna gaban 'yan majalisar dattawan Amurka yana ba da shawarar a riƙa ba da lasisi kafin a saki manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Ban shiga zuciyar kowa ba, wataƙila da gaske suke. Abin da na sani shi ne, kamfani mai lauyoyi ɗaruruwa ba ya jin nauyin cike takardu. Yaron da ke haɗa manhaja a shagonsa shi ne zai kasa.

Don haka in an kawo muku doka an ce don kare ku ce, ku yi tambaya uku. Wa ya zauna a teburin rubuta ta? Ƙaramin ɗan kasuwa zai iya cika sharuɗanta? In haraji ce, a aljihun wa za ta ƙare, kuma yaushe za ta daina? In an kasa ba ku amsa, to ku yi hattara.

A nan za mu dakata. Ku bar mana ra'ayinku a ƙasa, musamman waɗanda ba su yarda da ni ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.