Furen ɗorawa da jemagun da ke barbararsa

Ɗorawa, wadda masana tsirrai ke kira Parkia biglobosa, itaciya ce ta yankin sabana daga Senegal har zuwa Chadi. Daga ƙwayarta, wato kalwa, ake yin daddawa. Sai dai kafin kalwa ta kai hannun mai dafa ta, akwai wani aiki da ake yi wa itaciyar cikin dare, kuma jemagu na cikin manyan masu yin sa.

Abin da ido ke gani a matsayin fure ɗaya, jan dunƙulen nan mai reto a doguwar tsinka kamar tuntu, tarin ƙananan furanni ne da suka haura dubu. Ba duka ke haihuwa ba. Waɗanda ke kusa da tsinkar aikinsu fitar da ruwa mai zaƙi, wanda yake taruwa a wani ɗan zobe. Sauran, masu rinjaye, su ke ɗauke da garin fure da kuma mahaifar da za ta zama ɗa. Kafin a sami ɗa sai garin ya isa bakin mahaifa, abin da ake kira barbara. Ɗorawa kuwa ba ta cika karɓar garin jikinta ba. Ta fi haihuwa idan an kawo mata na wata itaciyar.

Tana fure da rani, tsakanin Disamba da Afrilu gwargwadon yanki. Furannin kan buɗe da magariba, su yi dare ɗaya, washegari su fara yaushi. Duk siffar dunƙulen ta dace da baƙon dare: yana rataye nesa da ganye inda fiffike ba zai sarƙe ba, yana da ƙarfin ɗaukar nauyin dabba, ga wari mai kaiwa nesa. Jemage mai cin 'ya'yan itace, wanda ido da hanci ke yi wa jagora (ba irin ƙaramin birbiri mai farautar ƙwari da amsa-kuwwa ba), yakan sauka ya rungumi dunƙulen da farata, ya lashi zaƙin cikin 'yan daƙiƙu. Ƙirjinsa ya kwashi gari, sai ya tashi zuwa itaciya ta gaba. Masana biyu, Baker da Harris, sun bayyana wannan a 1957 bayan sun yi nazarin ɗorawa a Gana.

Ba jemage kaɗai ba ne. Ƙudan zuma na zuwa da magariba da kuma sassafe, kuma inda jemagu suka yi ƙaranci su ke ɗaukar mafi yawan aikin. Fifikon jemage shi ne nisan tafiya, domin yana haɗa itatuwan da ke gonaki mabambanta a dare guda. Duk da haka, daga furannin nan masu ɗimbin yawa 'ya'ya ƙalilan ne ke kamawa a kowane dunƙule.

Kuka da rimi ma haka suke. Farin furen kuka yana buɗewa da faɗuwar rana a farkon damina, kafin kwana ɗaya ya dafe ya faɗi; rimi kuma yana fure da hunturu bayan ya zubar da ganye.

Jemage dabba ce da ba ta da farin jini, kuma gaskiya ne bai kamata a taɓa shi da hannu ko a ci abin da ya gatsa ba, saboda cututtukan da yake iya ɗauka. Amma korar garkensa da sare manyan itatuwan da yake kwana a kai domin gawayi suna rage barbara, kamar yadda feshin maganin ƙwari lokacin fure ke kashe ƙudan zuma. Ɗorawar da ba a barbare ta ba tana nan tsaye da inuwarta, sai dai babu kalwa, babu garin ɗorawa, babu makuba ta shafen gini.