Masana'antun Najeriya da Amfanin Aikin Ma'aikaci

A ilimin tattalin arziki, masana'antu su ne wuraren da ake juya ɗanyen kaya ya koma abin amfani: auduga ta zama yadi, dutse ya zama siminti, gyaɗa ta zama mai da ƙuliƙuli. Ana auna ƙarfinsu ta hanya biyu. Ta farko ita ce jimillar abin da suka sarrafa a shekara da kason da ya ɗauka a arzikin ƙasa. Ta biyu ita ce amfanin aiki, wato darajar abin da ma'aikaci guda ya samar a awa ɗaya ko a shekara ɗaya, kamar yadda manomi ke auna amfanin gona da yawan damin da kadada ta ba shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Babban Bankin Najeriya ne ke tattara waɗannan alƙaluma, akwai kuma Cibiyar Bunƙasa Amfanin Aiki ta Ƙasa da aka kafa a shekarun 1980.

Tashi da faɗuwa

Bayan samun 'yanci a 1960, manufar gwamnati ita ce a riƙa ƙera a gida abin da ake sayowa daga waje. Masaƙar Kaduna ta fara aiki tun 1957, wasu suka biyo ta har unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, a Kano kuma Bompai da Sharaɗa da Challawa suka zama matattarar masaƙu da majemu da kamfanonin alewa da robobi. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya ƙara wa abin armashi: aka buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, simintin Ashaka ya fara fita a 1979. A farkon shekarun 1980 masana'antun ƙasar na aiki da sama da kashi 70 cikin 100 na ƙarfin injinansu.

Sai dai ginin yana da rauni daga tushe. Injina da kayan gyaransu da yawancin kayan haɗin duk daga waje suke zuwa, da dalar fetur ake sayen su. Da farashin mai ya karye, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar naira ta zube, kayan gyara suka gagari masu kamfanoni. Kafin tsakiyar shekarun 1990 aikin injinan ya sauko ƙasa da kashi 40 cikin 100. Masaƙu suka fi jin jiki, domin ga rashin wuta ga atamfar fasa-ƙwauri mai araha. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, kamfanonin taya na Michelin da Dunlop ma suka daina ƙira a ƙasar a daidai wannan lokaci.

Abin da ya farfaɗo daga baya shi ne siminti, bayan manufar 2002 da ta ɗaure izinin shigo da shi da sharaɗin kafa kamfani a gida, sai sarrafa abinci da abin sha. A watan Mayun 2023 aka ƙaddamar da matatar man Dangote a Legas mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana. Duk da haka, daga 2015 zuwa 2024 kason masana'antu a arzikin ƙasa, idan an cire tasirin hauhawar farashi, bai wuce tsakanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100 ba. Cire tallafin fetur da sakin naira a 2023 sun ƙara kuɗin sarrafa kaya ƙwarai, a shekarar ce kuma Procter & Gamble ya sanar da daina sarrafa kayansa a Najeriya.

Inda ma'aikatan suke

Kamfanin siminti ko matatar mai na samar da dukiya mai yawa da hannaye kaɗan, don haka amfanin aikin ma'aikacinsu yana da yawa ƙwarai. Amma binciken Hukumar Ƙididdiga na 2023 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar ba su ƙarƙashin wani kamfani ko ma'aikata mai tsari. Cikinsu akwai teloli da maƙera da kafintoci da masu walda da masu injin niƙa, kuma a wurinsu ne matsakaicin amfanin aikin ƙasa ke zubewa.

Kuskure ne babba a ɗora wannan a kan lalaci. Mai walda a bakin titi kan buɗe shago tun hantsi, ya yanke ƙarafan ƙofa ya jera, sannan shi da yaransa su zauna jiran wuta. In ba ta zo ba ya tada janareta, ribar ƙofar ta tafi a man. Awa goma ya yi a bakin aiki, amma aikin awa uku ya fita. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 takan raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ne kacal a layin wutarta na ƙasa. Ga tsadar bashin banki, ga tsoffin injina, ga koyon sana'a da ya tsaya a kan abin da maigida ya gada.

Misalin Potiskum

Potiskum, a jihar Yobe da aka ƙirƙiro a 1991, tana nuna wannan yanayi a fili. Kasuwar shanunta na cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kasuwar hatsinta na tara gero da dawa da wake da riɗi, garin kuma ya shahara da masu manyan motocin dakon kaya. Amma kusan komai ɗanye yake ratsa garin. Ana loda shanu da ransu a tirela, su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa kudu, su isa a rame, wasu ma sun mutu a hanya. Kuɗin yanka da sarrafa nama can ake cin su, ƙirgin da ya kamata ya je majema kuma sau da yawa ganda yake komawa a tukunya. Ma'adinin jifsam da ake haƙa a yankin Fika ma Ashaka da sauran kamfanonin siminti na wasu jihohi ake kai wa.

Garin bai rasa masana'antu ba. Akwai kamfanin fulawa da abincin dabbobi na gwamnatin jiha, da kamfanin Sahel mai yin kwanon rufi na alminiyam, waɗanda suka daɗe a durƙushe kafin gwamnatin Mai Mala Buni, da ta hau a 2019, ta ɗauki aikin gyara su. Rikicin Boko Haram ya kori jari daga yankin na tsawon shekaru, harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar shanu a watan Mayun 2012 kuma ya ci rayuka masu yawa. Layin dogon da ya isa Maiduguri a 1964 ya bi ta Gombe da Buni Yadi ne, bai taɓa Potiskum ba, shi ya sa duk buhu da duk saniyar da ta bar garin a kan taya da man dizal take tafiya.

Matuƙar babu tsayayyiyar wuta da mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi, amfanin aikin mutanen Potiskum zai ci gaba da shiga lissafin wasu garuruwa.