Zama a Ghana bisa doka: abin da mazauna Zango ya kamata su sani

Haihuwa a Nima ko Maamobi ba ta mayar da mutum ɗan Ghana. Kundin tsarin mulkin 1992 ya ɗora ɗan ƙasanci a kan jini: sai ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni ya kasance ɗan Ghana. Nan ne iyalai da dama na Zango ke samun cikas, domin kakan da ya zo fataucin goro daga Kano ko Zinder ya zauna shekara hamsin a Accra, amma bai taɓa neman takardar zama ɗan ƙasa ba. Jikansa kan gane haka ne ranar da ya je neman Ghana Card ko fasfo, aka tambaye shi asalinsa. Wadda ta auri ɗan Ghana, ko wanda ya auri 'yar Ghana, na iya neman rajistar zama ɗan ƙasa, amma sai an nema. Ɗaurin aure kaɗai bai wadatar ba.

Ga baƙo kuwa, yarjejeniyar ECOWAS, wato CEDEAO, ta 1979 ta ba shi damar shiga ba biza har kwana 90. Wannan izinin ziyara ne kawai. Ɗalibi ko ma'aikaci da zai daɗe sai ya nemi izinin zama daga hukumar shige da fice ta Ghana, ƙarƙashin dokar shekarar 2000, ya kuma yi katin shaida na baƙi. Mai ɗaukar baƙo aiki shi ne ke nema masa izinin aiki. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa talla, da ƙaramin ciniki a kasuwa, da shagon aski, abin da ya sha jawo rufe shagunan 'yan Najeriya a Accra da Kumasi.

'Yan Nijar su lura: ƙasarsu ta fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfonsu ba biza har sai an sanar da wani sauyi, amma wannan sassauci ne da ake iya janyewa.

Dattawan Zango ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Cikin waɗanda suka tattara kaya har da waɗanda a Ghana aka haife su.