Toriyam a Tarihin Nukiliyar Indiya

A shekarar 1954 masanin kimiyya Homi Bhabha ya gabatar wa Indiya shirin nukiliya mai matakai uku, domin yuraniyam ɗin ƙasar kaɗan ne, amma yashin gaɓar tekun Kerala cike yake da monazayit, ma'adinin da ke ɗauke da toriyam. Shi toriyam ba ya tsagewa ya ba da zafi da kansa, sai ya haɗiye nutron, wato ƙwayar tsakiyar zarra marar caji, sannan ya rikiɗe ya zama yuraniyam-233, wanda shi ne ainihin makamashin. Saboda haka aka tsara a fara da tukwanen nukiliya masu amfani da yuraniyam a tara fulutoniyam ɗin da suke samarwa, a ciyar da shi ga tukwanen da ke haifar da makamashi fiye da wanda suke ci, kafin a kai ga toriyam.

Abin takaici, tafiyar ta yi nawa, domin Bhabha ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1966, kuma takunkumin da ya biyo gwajin bam ɗin nukiliya da Indiya ta yi a 1974 ya toshe hanyar samun kayan aiki daga waje. Sai a 1996 ƙaramar tukunyar bincike ta KAMINI da ke Kalpakkam ta fara aiki da yuraniyam-233.