Na'urar Zuƙe Hayaƙin Girki

Na'urar zuƙe hayaƙin girki wata 'yar rumfa ce ta ƙarfe da ake kafawa a saman murhu. Tana ɗauke da fanka da rariya, aikinta shi ne kwashe hayaƙi da tururi da maiƙo da ƙauri kafin su gauraye ɗaki. Akan ware mata wuri tun ana zanen kicin, domin bututunta na buƙatar hanya ta bango ko ta rufi.

Asali

A ginin Hausa na gargajiya iska ce ke wannan aiki. Ana girki a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, kan murhun duwatsu uku. In an gina madafa, sai a bar ƙananan tagogi kusa da rufi. Kunkunniyar da ke baƙanta azara shaida ce cewa tagogin ba su kwashe komai. Na'ura mai aiki da lantarki kuwa ta fara shiga gidaje ne a Amurka, inda aka kafa kamfanin Vent-A-Hood a birnin Dallas a 1933. Daga baya garin Fabriano na Italiya ya yi suna wajen ƙera ta, ta hannun kamfanonin Faber da Elica.

Ire-irenta

Iri biyu ne. Ta farko tana tura hayaƙi waje ta bututu. Ta biyu ba ta da bututu: tana tace iska da rariyar gawayi, ta mayar da ita cikin ɗaki. Wannan ta fi sauƙin kafawa kuma tana rage wari, amma ba ta fitar da zafi ko tururi, ba ta kuma kawar da kabon monoksaid, iskar gubar nan da ba ta da launi balle wari. Shi ya sa mai bututu ta fi dacewa da murhun gas.

Awon da ake bi

Faɗinta kada ya gaza na murhu. Waɗanda suka fi yawa a kasuwa masu santimita 60 ne da 90. Akan ɗaga ta santimita 65 zuwa 75 daga kan murhu. In ta yi ƙasa wuta za ta lashi maiƙon rariya, in ta yi sama hayaƙi ya kauce mata. Ana auna ƙarfinta da yawan iskar da take ja a awa guda, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce ta sabunta iskar ɗakin sau 10 a awa. Kicin mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, bisa mita 3, na ɗauke da iska kubik mita 36, don haka yana son mai jan 360 a awa. Bututu mai faɗin milimita 150, gajere, marar kwana da yawa, ya fi ja kuma ya fi rage ƙara. Dole a bar ƙofa ko taga da sabuwar iska za ta shigo.

A ƙasar Tambuwal da Kebbe

A Dogon Daji, da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega a ƙaramar hukumar Tambuwal, da ƙauyukan ƙaramar hukumar Kebbe, makamashi ne ke yanke hukunci kafin ado ko farashi. Akasarin gidaje da itace da kara da gawayi suke girki, ita kuwa na'urar lantarki ba don su aka yi ta ba: kunkunniya na toshe rariyarta, zafi na lalata fankarta, tartsatsi na iya kama maiƙon da ya taru. Abin da ya dace da murhun itace shi ne rumfar kwano mai dogon bututu da ya zarce rufi, wadda mai walda zai iya haɗawa. Ba ta cin wuta, domin hayaƙi mai zafi da kansa yake hawa. Amfaninta ya fi bayyana da damina, lokacin da ruwa ke kora girki cikin ɗaki, uwar gida na tuƙa tuwo da ɗanyen itace, ido na hawaye, goyo na tari a baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. A 2024 gwamnatin Nijeriya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsabta.

Gidajen da suka koma gas su ne na'urar lantarki ke wa amfani. Su ma sai sun yi lissafin ɗaukewar wuta, su tanadi sola ko babbar taga. Bakin bututu na waje na son marfi mai rufe kansa, saboda ƙurar hunturu da ƙadangare.

Kulawa

Suyar ƙosai da waina da naman sallah na saurin cika rariya. Ta alminiyom ana jiƙa ta cikin ruwan zafi da sabulu sau ɗaya a wata, ta gawayi kuwa akan canja ta bayan wata 3 zuwa 6. Bututun murhun itace ana kakkaɓe shi kafin faɗuwar damina. Alamar cewa lokacin wanki ya wuce ita ce ɗigon mai a kan murfin tukunya.